Motar da Ba Ta Sallama

Ku yi mini afuwa tun kafin in fara. Ni mai karatu ce, ban taɓa zama mai rubutu ba, kuma Hausar da nake da ita ta tsakar gida ce, irin wadda ake yi a Omdurman ana sirka ta da Larabci ba tare da an lura ba. Na daɗe ina jira wanda ya fi ni ya rubuta wannan labari, ba wanda ya rubuta. Inda na yi tuntuɓe, ku ɗauke kai. Abin ya faru ne kafin yaƙi, a shekarun da layin gidan mai shi ne babbar damuwar mutanen Khartum.

Ni'mat ma'aikaciyar gwajin jini ce a wani asibiti da ke Soba, a kudancin Khartum, gidansu kuwa yana can cikin Omdurman, hayin kogi. Kullum sai ta keta gari daga wannan ƙarshe zuwa wancan, kuma a lokacin idan mai ya yi wuya, mutum yakan wuni a bakin titi yana ɗaga wa bas hannu. Wata abokiyar aikinta ce ta fara ba ta labarin motar da ake kira haibirid, mai tafiya da mai da batir, wadda ba ta shan mai sai kaɗan. Ta daɗe tana zubin adashi, yayanta da ke aiki a Jidda ya cika mata, aka kawo motar. Fara ce, ƙarama, ledar kamfani tana nan a kan kujerunta.

Mahaifinta Usta Muntari (Usta lakabi ne na gwanin sana'a) ya yi ƙuruciyarsa da girmansa a bayan sitiyarin babbar mota, irin wadda ake kira Sifinja, yana kai kaya daga kasuwar Omdurman zuwa garuruwan yamma. Ciwon suga ne ya cinye masa idanu a hankali, har ya ajiye tuƙi. Amma kunnensa bai ajiye ba. Yana zaune a tsakar gida zai ce ga rakshar ɗan maƙwabci, keken nan mai inji da ƙafa uku, ta shigo lungu, kuma tana neman a duba mata fulogi. A unguwar, ba mai sayen abin hawa, ko da babur ne, bai kawo masa ba. Sai a tayar, ya ɗora tafin hannu a kan bonet, ya karkata kai ya saurara, ya faɗi halinta, sannan ya ɗaga hannu a yi Fatiha. Mutane sun ɗauki wannan kamar wani sashe na sayen mota.

Abin da ya fi wannan a wurinsa shi ne tafiyarsa masallaci. Daga ƙofar gida yakan bi lungu har ƙarshe, ya tsallaka wani faffaɗan titin ƙasa da motoci da raksha suke bi, sannan ya shiga. Shi kaɗai yake zuwa. Ƙaramin ɗansa Hazim ya taɓa riƙe masa hannu a farkon makantar, ya fizge, ya ce wanda ya kai Sifinja har garin Niyala can yamma cikin damina ba za a ja shi zuwa masallacin unguwarsu ba. Yakan tsaya a bakin titin ya saurara, ya san abin da ke tahowa da nauyinsa da gudunsa, ya ba shi hanya ko ya riga shi.

Ranar Juma'a da yamma aka yi karamar motar, wato sadakar da ake yi wa sabon abu. Aka yanka rago a ƙofar gida, Hajja Hajaratu mahaifiyar Ni'mat ta dafa balila, wato dafaffen hatsi da wake, aka raba wa yara, mata suka cika tsakar gida suna yi wa Ni'mat mabruk, wato barka. Ni'mat ba ta gaya wa mahaifinta komai game da irin motar ba. Ta so ne ta ba shi mamaki. Tun tana yarinya take son ta kawo masa abin da bai sani ba, kuma a ranta tana ganin zai yi dariya.

Aka fito da shi cikin farar jallabiyarsa, maza suka buɗe masa hanya. Hazim na zaune a mazaunin direba. Usta Muntari ya lalubo bonet, ya shafa shi daga wannan gefe zuwa wancan, ya ce fentin mai kyau ne. Ya ɗora tafinsa, ya karkata kai, ya jira. Lungun ya yi tsit, don kowa ya san ba a magana a wannan lokacin.

"To, tayar da ita mana," in ji shi.

"A tashe take, Baba," in ji Hazim.

Wani a baya ya yi dariya, ba da mugun nufi ba. Tsohon ya ƙara sunkuyawa har kunnensa ya kusa taɓa ƙarfen. Shi kuwa Hazim, don ya nuna wa mutane abin mamakin, sai ya sassauta birki kaɗan. Motar ta silalo gaba ba ko motsin sauti, har bambarta ta taɓa gwiwar mahaifinsa. Ba bugu ba ne, taɓawa ce kawai. Amma Ni'mat ta ga yadda ya ja da baya da sauri, hannunsa yana neman bango a inda babu bango. Ba ta taɓa ganin wannan a fuskarsa ba.

Ya gyara tsayuwa, ya ɗaga hannu aka yi Fatiha, ya yi wa motar addu'ar Allah ya tsare ta ya tsare mutane daga gare ta. Bai faɗi halinta ba. Ya ce a ci nama, shi zai shiga ciki.

Magaribar ranar a gida ya yi ta. Washegari ma haka. Ya ce wa Hajja gwiwarsa ce ke ciwo, ita kuwa ta san ba gwiwa ba ce, don da kanta ta duba ba ko kumburi. Dattawan masallaci suka zo gaishe shi, ya karɓe su da fara'a, aka sha jabana, wato gahawa, aka yi hirar tsadar burodi, suka tafi. Sandarsa tana jingine a bayan ƙofa inda ya ajiye ta ranar Juma'a.

Ni'mat ta zauna a gefen gadonsa na igiya ta yi masa bayani dalla-dalla. Ta ce idan motar tana tafiya a hankali batir ne ke jan ta, injin mai yana barci, sai an ɗau gudu yake farkawa. Ya saurara kamar yadda yake sauraron duk wata maganar mota, har ya yi tambayoyi, ya ce dabara ce mai kyau. Daga nan ya tambaye ta ko irin wannan motar suna da yawa a gari. Ta ce ba su da yawa tukuna, amma da wahalar man nan mutane suna ta kawo su. Ya gyaɗa kai, ya ce ashe yanzu an yi motocin da ba sa sallama. Ta tashi ta ɗauke kofunan shayi.

Dama an shirya ranar Asabar ta makon gaba za su kai motar Mantiƙa Sinaiya, unguwar gareji da shagunan kayan mota ta Khartum, a yi mata kwalliya. Hazim ya fi ta ɗokin wannan rana. Tun a hanya yake lissafa mata abin da ya kamata, yana yi rabi da Hausa rabi da Larabci: a saka baƙin gilas, a canja rim, a sa babban allo a gaba, a sa fitila mai shuɗi a ƙarƙashin ƙofofi. Ta ce masa motar asibiti za ta je, ba ɗaukar amarya ba. Ya ce ai da irin wannan tunanin ne har yanzu ba a zo ɗaukar tata amaryar ba. Ta kai masa duka a kafaɗa, amma hankalinta ba a nan yake ba.

Shagon Abdulmun'im suka je, abokin yayansu tun makaranta, mutum mai tumbi da yawan magana. Shagon cike yake har rufi, ga ƙamshin roba da turaren mota. Ya sa aka kawo musu shayi daga wurin Awadiyya mai shayi da ke gindin bishiya, ya fara baje kaya. Ya ce rigar kujera ta fata tana da kyau a ido amma a zafin Khartum sai ta gasa mutum, gara ta yadi. Ya nuna mata wata 'yar taga a gefen kujerar baya inda batir yake shan iska, ya ce kowace riga za a ɗinka sai an bar wurin a buɗe, kuma a riƙa kakkaɓe ƙura bayan kowace iskar habub. Ya ba da shawarar a ɗaura farantin ƙarfe a ƙasan motar saboda ramukan Omdurman, a sa mayafin gashi a kan dashbod kada rana ta tsattsaga shi, a sa labulen rana da dardumar ƙafa ta roba. Kyamarar baya kuwa, ya ce mace mai sabuwar mota ba ta rasa ta. Ni'mat ta ce namiji mai tsohuwar mota ma ya kamata ya samu, don ta ga bayan tasa a waje. Ya yi dariya har yana riƙe ciki.

Ta zaɓi rigar yadi mai ruwan toka, da farantin ƙarfe, da labule. Baƙin gilas ta ƙi, ta ce tana so wanda ke waje ya ga fuskar mai tuƙi. Sai da suka gama duk wannan ta faɗi abin da ya kawo ta. Ta ce tana son abin da zai sa a ji motar tana tahowa.

Abdulmun'im ya dube ta. Ya ce shekara da shekaru mutane suna zuwa ya kashe musu ƙarar mota, yau ga mai neman a ƙara mata. Da Hazim ya ba shi labarin ranar Juma'a sai ya daina wasa, don shi ma Usta Muntari ne ya saurari motarsa ta farko. Ya shiga ciki ya fito da wani ɗan baƙin akwati mai lasifika, wanda ake ɗaurawa a bayan bamba. Ya ce samari ne ke sayensa don ƙaramar mota ta yi rurin babba. Yana da muryoyi kala-kala. Ya haɗa shi da batir ya riƙa danna musu: ga ta motar tsere, ga ta boksi mai buɗaɗɗen baya, ga wata kamar jirgin sama. Can sai ga wata murya mai kauri, mai tafiya a hankali tana gurnani.

Hazim ya miƙe tsaye. Ya ce wallahi wannan Sifinja ce, ita za a saka, Baba zai ji daɗi. Ni'mat ta saurara, sai ta tuna lokacin da take ƙarama, idan ta ji wannan gurnani daga nesa ta san ya dawo daga yamma da gyaɗa da ƙwallon goruba a buhu. Idonta ya ciko. Ba ta yi wani dogon tunani ba, ta ce a saka.

La'asar sakaliya suka shigo lungu. Yara suna wasa a ƙofar gidaje, ƙofarsu a buɗe, Usta Muntari yana zaune daga ciki kusa da ita yana shan iska. Ni'mat ta rage gudu, gurnanin ya cika lungun yana dukan bango yana dawowa. Sai ta gan shi ya fito ba sanda, ya manna bayansa da bango, ya ware hannu yana daka wa yaran tsawa su shige gida, babbar mota ta shigo, lungun ba zai ɗauke ta ba. Yaran suka tsaya suna kallonsa, suna kallon 'yar farar motar da ta tsaya nesa da shi. Ɗaya ta ce masa ai motar Ni'mat ce.

Ta kashe abin, ta fito. Sai da suka shiga ciki ya zauna, ya ce ta zauna, ya ce Hazim ma ya zauna.

"Wa ya zaɓi wannan?"

"Ni ce, Baba. Na ga kamar za ka so ka ji ta."

"Uwata," in ji shi, don haka yake kiranta saboda sunan mahaifiyarsa aka sa mata, "lokacin da idona ya fara tafiya, na ce muku ɗakin nan ya yi duhu, kuka ce ƙwan fitila ne ya raunana. Na ce ba na ganin ƙarshen lungu, kuka ce ƙura ce. Ban yi fushi ba, na san tausayi ne. Amma na yi wata da watanni ina tuƙi da idon da kuka ce lafiyarsa ƙalau. Yanzu kunne kaɗai ya rage mini. Kada ku yi masa ƙarya shi ma."

Hazim ya fara cewa ai ba ƙarya aka yi nufi ba. Tsohon ya ce ya sani. Ya ce mota idan ta yi shiru ta ɓoye masa kanta ne kawai, amma idan ta ari muryar wata, ta sa shi ya yi abin da ba daidai ba, ya gudu inda ya kamata ya tsaya, ya zama abin kallon yara. Daga nan ya ce wa Ni'mat ranar hutunta mai zuwa ta kai shi Mantiƙa, shi ma yana da abin da zai zaɓa.

Hajja ta yi mamakin ganinsa ya sa rawani da safiyar ranar. Ya zauna a gaba, Hazim a baya. A cikin unguwa hannunsa yana kan gwiwa, kamar wanda aka ɗora a kan abin da bai yarda da shi ba. Da suka hau gadar Farin Nilu hanya ta buɗe, Ni'mat ta taka, sai injin mai ya farka da ɗan ƙaramin kaɗawa. Ta ga hannunsa ya tashi da kansa ya sauka a kan dashbod. Ya karkata kai. Suka yi rabin gadar a haka, sannan ya ce injin ƙarami ne amma numfashinsa daidai yake, ba ya haki, kada ta bari a zuba masa man da ba a tace ba. Ta ce to. Ta kafa ido a kan hanya, don ba ta so Hazim ya ga fuskarta a madubi.

Abdulmun'im ya fito da gudu ya tarbe shi, yana Usta, Usta, ya ba shi kujerarsa. Tsohon ya ce a cire wannan akwatin a mayar wa samari. Ya ce a kawo masa duk abin da ke shagon mai yin ƙara. Aka kawo wanda ke kuka idan mota tana ja da baya, ya ce wannan kukansa ɗaya ne ko tana gudu ko tana rarrafe, bai gaya masa komai ba. Aka kawo ƙananan ƙararrawa, ya kaɗa su a kunne ya ce za a ɗauka akuya ce. Aka yi maganar tayoyi masu manyan haƙora, Abdulmun'im ya ce za su ƙara mata shan mai, kuma a kan rairayin lungu su ma shiru za su yi. Awadiyya da ta kawo shayi ta ce a ɗaura wa motar Abdulmun'im kansa, ba za a ƙara kukan shiru ba.

Tsohon ya yi murmushi, sannan ya tambaya ko akwai sarƙa. Ba ta ado ba, ta ƙarfe, irin wadda direbobin manyan motoci suke ratayawa a bayan taya tana jan ƙasa. A shagon babu, sai da aka aika maƙwabta wurin masu walda. Aka kawo iri-iri, ya riƙa ɗaukar kowace yana jan ta a kan simintin shagon, a hankali, sannan da sauri, yana saurare. Ya ware wata siririya. Ya ce wannan idan mota ta yi gudu za ta yi gudu, idan ta rage za ta rage, idan ta tsaya za ta yi shiru, kuma ba za ta ce ita babbar mota ce ba. Abdulmun'im ya leƙa ƙasan motar ya ce zai iya ɗaura guntaye a jikin robar tare laka ta tayoyin gaba, nesa da batir da wayoyi.

Hazim ya ja Ni'mat gefe. Ya ce ta yi wa Allah ta yi tunani, sabuwar mota fil tana jan sarƙa kamar amalanken jaki, a Soba likitoci za su yi ta dariya, duk wanda ya ji zai ce wani abu ne ya kwance. Ya ce a bari a nemo wani akwatin daga waje mai murya ta zamani. Ita ma ta hango kanta tana shiga harabar asibiti da wannan ƙara, ta hango mai gadi yana tsayar da ita kullum yana nuna mata ƙasan mota. Ta daɗe tana mafarkin motar nan, kuma shirun motar yana cikin abin da ta fi so. Ta dubi mahaifinta yana zaune da sarƙar a cinyarsa yana bin ƙullinta da yatsa. Ta ce wa Abdulmun'im ya ɗaura.

Da aka gama, aka tsayar da shi a bakin shago, ta je ƙarshen layin ta juyo a hankali. Tun tana nesa ya nuna inda take da hannu, ya bi ta da shi har ta tsaya a gabansa. Yaran shagon suka tafa. Shi bai yi murna kamar yadda ta zata ba.

A hanyar komawa, Hazim ya sauka wurin abokansa, suka rage su biyu. Suna cikin cunkoson bakin gada, sarƙar tana 'yar ƙararta a ƙasa, ya yi magana.

"Wannan taki ce kaɗai, Uwata. Sauran fa?"

Amsoshi suka zo mata a baki. Ta iya cewa sauran ba sa shigowa unguwarsu, ko ta ce an kusa kafa doka kowace ta riƙa ƙara. Da ta faɗa, wataƙila da ya yi shiru ya karɓa.

"Sauran ba ni da iko da su, Baba," in ji ta. "Za su ƙaru. Wata rana ɗaya za ta bi titin masallaci, kuma ba za ka ji ta ba."

Ya ce madalla, ya gode. Ya juya fuska wajen taga inda iskar kogi ke shigowa.

Kwanaki suka wuce bai fita ba. Da yamma idan ta shigo lungu takan tarar ya riga ya ce wa Hajja ga Ni'mat nan, a ɗora shayi. A asibiti an yi dariyar, mai gadi ya tsayar da ita har ya gaji. Amma sallah a tsakar gida yake yin ta, ita kuwa ta daina tambaya. Ta fara sabawa da tunanin cewa abin da ta kawo gidan ya rufe masa ƙofa ke nan, kuma sarƙa ba za ta buɗe ba.

Wata Juma'a tana wanki a bayan ɗaki aka kira la'asar. Ta ji ƙarar ƙofar gida. Da ta leƙo, bayan ƙofa babu sanda. Hajja tana tsaye a bakin madafa da ludayi a hannu, suka dubi juna. Ni'mat ta ja mayafi, ta bar takalmanta a nan don ya san takunsu, ta fita.

Yana can gaba yana tafiya kusa da bango kamar yadda ya saba. Ta bi shi daga nesa, ƙasa tana ƙona mata tafin ƙafa. Da ya kai bakin titin ya tsaya, ita ma ta tsaya a jikin wata bishiyar maina. Raksha ta wuce, ya bar ta. Boksi ya wuce da kayan kasuwa. Daga nan titin ya yi shiru, irin shirun da a da yake tsallakawa a cikinsa ba tare da wani tunani ba. Bai motsa ba. Ta ga yana jujjuya kai dama da hagu. Aka tayar da iƙama a masallaci, har yanzu yana tsaye. Ƙafarta ta ɗaga da kanta za ta je ta kama hannunsa, ta mayar da ita.

Sai ya yi abin da ba ta taɓa ganin ya yi ba. Shi da yake riƙe sanda a gefe kamar ta kowane dattijo, don kada baƙo ya gane makaho ne, ya ɗaga ta ya miƙa ta gaba sosai, a sama, inda duk direban da ke tahowa zai gani ya san ko wane ne ke tsallakawa. Ya sa ƙafa a titin. Bai yi sauri ba. Sandar tana ɗage a hannunsa har ya kai hayi, ya sauke ta, ya lalubi bakin ƙofar masallaci da ita, ya tuɓe takalmi.

Wasu maza da suka makara suna tahowa daga ɗaya lungun da sauri suna gyara hannun riga. Idan suka gan ta a nan, kafin a idar da sallah wani zai ce masa Allah ya yi wa 'yarsa albarka da ta rako shi. Ta ja mayafin ta rufe fuska, ta bi ta bayan bishiyar, ta shige lungu kafin su iso.